Yadda ƙurar fure da ƙwayoyin sifo suke rikiɗa su zama wani ɓangare na kwal

Tambaya: Na karanta cewa idan aka duba kwal a maikuroskof ana ganin ƙurar fure da ƙwayoyin haihuwar tsirai masu shekara miliyan 300, kuma siffarsu tana nan ba ta lalace ba. Ta yaya abu ƙarami haka ya tsira alhali kututturen bishiyar ya narke? Kuma abin da ake gani ɗin, shi ne ainihin sinadarin da tsiron ya ƙera, ko ya canza?

Amsa: Abin da ka karanta gaskiya ne, amma da gyara a wuri biyu. Na farko, ba ƙwayar ce dukanta ta tsira ba, ɓawonta na waje ne kaɗai. Na biyu, siffar ɓawon ce ta dawwama, ba sinadarinsa ba. Kana iya ganin ƙwaya a cikin kwal da zanenta da 'yan ƙayoyinta, har ka faɗi dangin tsiron da ya zubar da ita, amma da za a auna abin da ke jikinta sai a tarar ya yi nisa da abin da tsiron ya ƙera. Kama da wane ba ta wane. Abin da ke jikin tsiro mai rai sunansa siforofolenin, wanda ake samu a kwal kuwa siforinayit, kuma tazarar da ke tsakanin sunayen nan biyu ita ce amsar tambayarka.

Ƙurar fure, wato folen, tsirai masu iri ne ke yin ta. Sifo kuwa ƙwayar haihuwa ce ta tsiran da ba su fure ba su iri, irin su gansakuka da dangin fan (fern a Turance) da dangin wani tsiro mai suna Lycopodium. A aikin kwal ba a cika raba su ba, domin ɓawonsu iri ɗaya ne. Da girma ake raba su: abin da ya haura maikuromita 200 (maikuromita 1,000 ne milimita ɗaya) babbar sifo ce, wadda takan kai milimita 2 ko 3 har ido ya gan ta, abin da ya gaza haka kuma ana haɗa shi wuri ɗaya, ko sifo ne ko folen. Yawancin na cikin kwal ba su wuce maikuromita 20 zuwa 100 ba.

Kowace ƙwaya hawa uku ce. A can ciki akwai abin da ke da rai: furotin, sitaci, suga da maiƙo. Sai siririn bango na seluloz da fektin. Waɗannan biyun abincin bakteriya da fangas ne, ba su daɗewa. Akwai ma ƙananan fangas na ruwa da suke huda ƙwayar folen su cinye cikinta su bar fanko. Hawa na uku, ɓawon waje, shi ne na siforofolenin.

Sunan ya fito ne daga Fritz Zetzsche da abokan aikinsa a farkon shekarun 1930, da suka haɗa tsofaffin sunaye biyu da aka ba abin da ke saura bayan an dafa folen da sifo a asid da alkali. Ka lura, tun asali an san shi ne da abin da ya ƙi yi, wato narkewa. Lissafin da aka fitar na sifon Lycopodium clavatum shi ne C90H144O27. Ba tsarin molikul ba ne na haƙiƙa, ma'aunin yawan ƙwayoyin zarra ne kawai, amma yana da amfani. Idan ka mayar da shi nauyi, kabon ya kai kashi 65 cikin 100, oksijin kashi 26, haidurojin kusan kashi 9. Idan kuma ƙwayoyin zarra ka ƙirga ba nauyi ba, haidurojin a kan kabon 1.6 ke nan, oksijin a kan kabon 0.3. Riƙe waɗannan alƙaluma biyu, domin duk tafiyar da za a yi a ƙarƙashin ƙasa saukarsu ce.

An daɗe ana gardama kan tsarinsa. A 1968 Brooks da Shaw suka ce daga karotinoyid yake, sinadaran nan masu ba tsiro launin rawaya da ruwan lemo, kuma maganar ta zauna a littattafai shekaru da dama. A shekarun 1980 aka toshe hanyar ƙera karotinoyid a jikin tsiro da maganin kashe ciyawa, sai ga ɓawon folen ya fito yadda ya saba. Daga nan ra'ayin ya fara faɗuwa. Abin da aka tsaya a kai yanzu shi ne tubali iri biyu. Akwai dogayen sarƙoƙin kabon da aka samo daga asid ɗin maiƙo, masu ƙwayar kabon 12 zuwa 18, an rataya musu oksijin nan da can. Akwai kuma zobban benzin na dangin fenol, musamman asid ɗin kumarik da na ferulik, waɗanda aikinsu a rayuwa shi ne tare hasken ultrabayolet kada ya lalata ƙwayar halitta. Wani shimfiɗin sel a cikin jakar folen, mai suna tafetum, shi ke ƙera tubalan ya fitar da su, su ɗaure a bayan ƙwayar. A 2019 ƙungiyar Jing-Ke Weng a Amurka ta niƙa folen bishiyar Pinus rigida, ta warware shi da asid da wani sinadari mai sulfa, ta nuna sarƙoƙi masu tarin rukunin OH, wato oksijin haɗe da haidurojin, da wasu masu kabon 16 ɗauke da asid ɗin kumarik, an ɗinke su da juna ta gadojin oksijin irin na asetal. Ba a ce kowane tsiro haka nasa yake ba. Siforofolenin dangi ne na sinadarai, ba abu guda ba.

To me ya sa yake gagara? Dalili uku ne suka taru. Ɗinkin ya bi ta kowace fuska, ba zare ɗaya ba ne da za a kama bakinsa a warware. Ɗaurin kuma ba iri ɗaya ba ne, ba ya maimaita kansa yadda na seluloz ke yi, alhali enzayim, sinadarin da bakteriya da fangas ke narkar da abinci da shi, yana aiki ne kamar mabuɗi, ƙofa ɗaya yake buɗewa. Sannan sarƙoƙin maiƙon suna korar ruwa, enzayim kuwa ba ya aiki sai da ruwa.

Amma yana da lagonsa, kuma a nan mutane da yawa ke kuskure. Siforofolenin yana jure asid mai ƙarfi, har da wanda ke narkar da dutse, amma ba ya jure oksijin. Folen da ya faɗa a busasshiyar ƙasa mai shan iska, ko wadda take jiƙewa tana bushewa, musamman idan ba ta da tsami, ɓawonsa yakan yi ramuka, ya sirance, ya ɓace. Saboda haka ba juriyar sinadarin kaɗai ce ta kai shi cikin kwal ba, sai da ya dace da wurin faɗuwa.

Wurin shi ne dausayin da ruwa ya kwanta a kansa shekara da shekaru, inda matattun tsirai ke taruwa su zama abin da ake kira fit, wato baƙin taɓon tsiro da bai gama ruɓa ba. Oksijin yana ratsa ruwa a hankali fiye da yadda yake ratsa iska da kusan ninki 10,000, don haka 'yan santimita ƙasa da saman ruwa ya riga ya ƙare. Dausayin da ruwan sama kaɗai ke ciyar da shi kuma yana da tsami, ma'aunin pH ɗinsa kan sauka zuwa 4 ko ƙasa da haka, abin da ke ƙara kashe gwiwar bakteriya. A cikin wannan yanayi seluloz na itace yana tafiya, lignin, sinadarin da ke ba itace tauri, yana kakkaryewa ya zama wani kauri mai santsi na sinadaran humik, wanda daga baya zai daskare ya zama bitirinayit, ɓangaren kwal mai sheƙi. Itacen bai ɓace ba ke nan, siffarsa ce ta narke. Ɓawon sifo kuwa yana kwance a cikin kaurin nan, kusan ba abin da ya taɓa shi.

Daga nan ake samun wani abu da ya kamata mai karatun kwal ya fahimta. Yawan sifo a cikin wani layin kwal ba lalle yana nufin tsiran sun zubar da sifo da yawa a lokacin ba. Sau tari yana nufin sauran abubuwan ne suka ruɓe suka bar shi. Idan saman dausayi ya sha iska na ɗan lokaci, itace da ganye sun fi saurin lalacewa, sai rabon sifo ya hau. Irin wannan layi shi ne dusasshen kwal mai tauri da Marie Stopes ta kira duren a 1919, lokacin da ta raba kwal gida huɗu bisa yadda ido ke ganinsa. Ita ce kuma a 1935 ta kawo kalmar masaral ga ƙananan ɓangarorin kwal da ake gani a maikuroskof, kwatankwacin yadda ma'adinai suke a jikin dutse. A 1962 A. H. V. Smith ya bi layukan kwal na Yokshaya a Ingila daga ƙasa zuwa sama, ya nuna yadda sifo mai siririn ɓawo na Lycospora ke rinjaye a sassan da suka fi sheƙi, sai mai kaurin ɓawo na Densosporites ya karɓe a dusassun sassa. Lycospora daga manyan bishiyoyin dangin Lepidodendron yake, waɗanda suka kai tsawon mita 30 a dausayoyin zamanin Kabonifaros, tsakanin shekara miliyan 359 da 299 da suka wuce. Shi ya sa kwal ɗin wancan zamani na Turai da Arewacin Amurka yake da wadatar siforinayit, yayin da na zamanin Famiyan a Indiya da Afirka ta Kudu da Ostireliya galibi ke da ƙarancinsa.

Hanya ta biyu ta taruwa ita ce tafki. Iska da ruwa suna kwaso sifo su zuba a kwantaccen ruwa a tsakiyar dausayi, ya nutse tare da lallausan tarkace. Abin da ke fitowa shi ne kwal ɗin kanel: ba shi da layi-layi, yana fashewa kamar gilashi, kuma yana kama wuta da sauƙi da dogon harshe mai haske, saboda yawan haidurojin. Ɗan'uwansa na Torbane Hill a Sikotilan, wanda James Young ya riƙa tatsar mai daga jikinsa a shekarun 1850, ba sifo ba ne, alge ne, wato ƙananan korayen halittun ruwa. An ma daɗe ana ɗaukar wasu ƙwayoyin algen teku masu suna Tasmanites a matsayin sifo, don haka ruɗanin tsoho ne.

Yanzu sai binnewa, inda ainihin sauyin sinadari yake. Yashi da laka suna taruwa a kan fit, nauyi yana matse ruwa, kaurinsa yana raguwa. An fi kawo misalin mita 10 na fit su ba da mita 1 na kwal, ko da yake ya danganta da irin fit ɗin. Sifon da yake kamar ƙwallo marar komai a ciki sai ya lotse, bangon sama ya haɗu da na ƙasa. Idan aka yanka kwal a tsaye sai ka ga ɗan siririn abu kamar leɓe a rufe, da layi a tsakiya inda cikin yake a da. Matsi aikinsa ke nan, sauya siffa. Sauya sinadari kuwa aikin zafi ne da lokaci. Zafin ƙasa yana ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita, don haka kafin a kai digiri 100 an nutsa kusan kilomita 3.

Oksijin ne ke fara tafiya, domin ɗaurinsa ya fi rauni. Ɗaurin esta da ke riƙe da asid ɗin kumarik yana tsinkewa. Rukunin asid yana fita a matsayin iskar CO2. Rukunin OH yana ɗaukar haidurojin na kusa da shi ya fita a matsayin ruwa, ya bar ɗauri mai ninki biyu tsakanin kabon da kabon, ko kuma sabuwar gada tsakanin sarƙa da sarƙa. Idan ruwan teku ya taɓa shiga dausayin, bakteriya sun mayar da sulfet ɗinsa sulfayid, sulfa ma yana shiga ya ɗinke sarƙoƙi, irin yadda ake ƙarfafa roba. A wannan mataki, daga fit zuwa lignayit, wato kwal mai laushi da bai nuna ba, zuwa farkon matakin kwal mai bitumin, oksijin a kan kabon yana sauka daga 0.3 zuwa wajen 0.1, amma sarƙoƙin haidurojin suna nan. A na'urar infirared za ka ga alamar OH ta wajen 3400 da ta C=O ta wajen 1710 suna dusashewa, ta zoben fenol a 1510 tana ɓacewa, yayin da biyun nan na CH2 a 2925 da 2850 suke ƙara fitowa.

Akwai abin da ya rikita masana a nan. Tsohon sifo, idan aka ƙona shi babu iska aka duba abin da ya fita, yakan ba da jerin dogayen sarƙoƙin haidurokabon fiye da yadda sabon siforofolenin ke bayarwa. Bayani ɗaya shi ne tacewa: abin da ke da rauni ya tafi, sarƙa ta rage. Bayani na biyu shi ne an ƙera sabon abu ne a wurin: maiƙon da ke cikin ƙwayar da wanda ya saku daga ɓawon sun sake ɗaurewa sun zama sabuwar folima, wato babban sinadari mai ɗaurarrun sarƙoƙi, a cikin tsohuwar siffa. Gwajin dumama sifon Lycopodium a ɗakin bincike ya nuna na biyun yana faruwa. A ganinmu duka biyun suna aiki, kuma wanda ya ce siforinayit siforofolenin ne da ya tsufa kawai ya taƙaita magana fiye da kima.

A kwal mai bitumin da bai yi nisa ba, siforinayit yana ɗauke da haidurojin kashi 7 zuwa 8 cikin 100, bitirinayit na gefensa yana da 5 da ɗan wani abu, inatinayit kuma, wanda yawancinsa gawayin gobarar daji ne, ƙasa da haka. Wuri ɗaya suka kwanta, zafi ɗaya suka sha, amma kowa da inda ya kai. A zanen da van Krevelen ya fitar a 1950, mai ɗora haidurojin a kan kabon a tsaye da oksijin a kan kabon a kwance, kowannensu yana da hanyarsa, ta siforinayit tana sama.

Mataki na biyu shi ne tsinkewar sarƙoƙin kansu. Ana auna nisan da kwal ya yi da yawan hasken da gogaggen bitirinayit ke mayarwa a ƙarƙashin mai. Idan ya kai kashi 0.5 zuwa 0.6 cikin 100, zafi ya isa ya fara karya ɗaurin kabon da kabon, musamman ɗauri na biyu daga jikin zobe, wanda ya fi sauƙin karyewa. Kowane karyayyen baki yana neman haidurojin ya rufe kansa, kuma daga jikin abin da ya rage yake fizgo shi. Sai rabo ya kasu biyu: gutsattsarin da suka sami haidurojin su zama bitumin da mai da iskar gas su fita, abin da aka ƙwace wa kuma ya naɗe sarƙoƙinsa su zama zobba, zobban su rasa haidurojin su zama na benzin, su fara mannewa da juna. Wani sashe na bitumin ɗin yana cika tsagogi da ramukan sel ya daskare, shi ne masaral ɗin da Marlies Teichmüller ta bayyana a 1974 da sunan egzudatinayit. Ita ce kuma ta danganta wasu ƙananan fararen ɗigo da ake kira mikirinayit da tukuɗin da wannan aiki ke bari.

Abin sha'awa shi ne siforinayit ba ya tafiya da sauri ɗaya. Yana jan ƙafa na tsawon lokaci, bitirinayit yana ta ƙara haske shi yana nan baƙi-baƙi, sannan ya zabura. A daidai inda kabon na kwal ya kai wajen kashi 87, abin da ke tashi idan an dumama shi ya sauko wajen kashi 29, hasken bitirinayit kuma yana kusan 1.2 zuwa 1.3, siforinayit yana zubar da sauran sarƙoƙinsa cikin ɗan taƙi. Erich Stach ya raɗa wa wannan suna, tsallen zama kwal. Kafin a kai 1.5 haskensa ya yi daidai da na bitirinayit, ba ka iya raba su a farin haske. A antirasayit, kwal ɗin da ya fi kowanne nisa, ba a ƙirga siforinayit, ba don babu sifo a dausayin ba, sai don sun saje.

Duk alamun da ake gani da ido daga wannan girman zobba suke fitowa. Ƙaramin zobe shi kaɗai hasken ultrabayolet yake sha, don haka sabon ɓawo kusan ba shi da launi, ko rawaya mai haske. Zobba suna haɗuwa, sai su fara shan shuɗi, sannan kore, ɓawon ya koma rawaya sosai, ruwan lemo, ruwan ƙasa, daga ƙarshe baƙi. Staplin ya tsara wannan a ma'auni mai hawa 1 zuwa 5 a 1969, daga baya aka fitar da wani mai hawa 10, kuma masu neman man fetur suna amfani da su don sanin ko dutse ya nuna. Haka ma walƙiyar da ɓawon ke yi idan an haska shi da shuɗin haske ko ultrabayolet. A fit da lignayit kore-kore ce zuwa rawaya, ƙololuwarta wajen nanomita 500. Sai ta gangara zuwa ruwan lemo, zuwa ja-ja mai duhu sama da 600, ta mutu a wajen tsallen nan. Dalilin mutuwarta shi ne tun farko sarƙoƙi ne ke raba zobba da juna. Da sarƙoƙin suka tafi, zobban suka matso, sai ƙarfin hasken ya riƙa tsallakawa daga wannan zuwa wancan har ya ƙare a matsayin zafi.

Ga mai son dubawa da kansa, hanya biyu ce, kuma ba abu ɗaya suke nunawa ba. Ta farko ita ce a bar sifon a mazauninsa. Ana niƙa kwal ya gaza milimita 1, a zuba a ƙaro mai daskarewa, a goge fuskar har ta zama madubi, a duba ta cikin mai mai ma'aunin karya haske 1.518, a auna haske a nanomita 546, a ƙirga aƙalla ɗigo 500. Ƙa'idar ISO 7404 ke nan a taƙaice. Wanda ya ƙirga da farin haske kaɗai zai rage lissafin siforinayit, domin sirara suna ɓuya, wasu kuma suna kama da laka. Dole a koma da shuɗin haske. Ƙaron da aka zuba shi ma yana walƙiya, sabon hannu kan ƙirga shi. Fatar ganye, wato kutinayit, doguwa ce kuma gefe ɗaya yana da haƙora kamar zarto. Alge ya fi sifon da ke kusa da shi haske da kore.

Hanya ta biyu ita ce a narkar da komai a ciro sifon. Giram kaɗan sun isa, a farfasa su gutsi-gutsi na milimita 1 zuwa 2, ba gari ba, don kada manyan sifo su karye. Idan akwai ma'adinai, asid ɗin HCl na kashi 10 ake fara sawa ya cinye kabonet, a wanke, sannan asid ɗin HF ya cinye laka da yashi. Wanda ya juya tsarin zai sami farin ƙullin kalsiyam fulorayid da ba ya narkewa ya lulluɓe komai. HF yana ratsa fata ba tare da zafi nan take ba, don haka ba a taɓa shi sai a akwatin zuƙe hayaƙi, da safar hannu, da man kalsiyam gulukonet a kusa. Daga nan sai ruwan Schulze, wato asid ɗin naitirik da fotasiyam kuloret, wanda ke mayar da bitirinayit sinadaran humik; idan samfurin yana da fayirayit, ma'adinin ƙarfe da sulfa, yakan yi zafi ya tafasa ya yi ambaliya, don haka kaɗan-kaɗan ake zubawa. Sai KOH na kashi 5 ya narkar da humik ɗin, ruwan ya yi baƙi, a yi ta wankewa har ya washe, a tace da rariya mai ido maikuromita 10. Lignayit ba ya ɗaukar lokaci, kwal da ya yi nisa kuwa yakan kai kwana ko fiye, don haka ana ɗiban ɗigo ana dubawa maimakon dogara da agogo.

Ka ga matsalar: makamin da ake amfani da shi oksijin ne, lagon siforofolenin. Idan aka wuce gona da iri sifon yana kumbura, zanensa ya goge, alkali ya ƙarasa shi. Ko ba a wuce ba, launinsa ya riga ya washe, saboda haka samfurin da ya sha ruwan Schulze bai halatta a karanta launinsa don auna zafi ba. Haka sabon folen da aka tsabtace da hanyar Erdtman, kashi 9 na asetik anhaidirayid da kashi 1 na asid ɗin sulfurik: hanyar tana manna rukunin asetil a kan OH, tana kuma duhunta ɓawon, don haka bai dace da auna sinadari ba. Cakuɗin kuma yana tashi da ƙarfi idan ya haɗu da ruwa, sai an fara busar da samfurin da tsantsar asid ɗin asetik.

Mai son tsantsar siforinayit ba tare da ƙona shi ba, da nauyi yake rabawa. Siforinayit yana wajen giram 1.2 a kowane santimita kubik, bitirinayit wajen 1.3, inatinayit 1.4 zuwa sama. Ana niƙa kwal zuwa 'yan maikuromita, a cire ma'adinai, a juya shi a na'urar wulwulawa cikin ruwan siziyam kulorayid da kaurinsa ke ƙaruwa daga sama zuwa ƙasa, kowane masaral ya tsaya a matakinsa. Idan niƙan bai yi laushi ba, ƙwaya ɗaya tana ɗauke da masaral biyu sai ta tsaya a tsakiya ta ɓata rabon.

Karatun launi ma yana da tarko. Ɓawo mai kauri ya fi siriri duhu ko da zafi ɗaya suka sha, don haka iri ɗaya ake bi daga sama har ƙasa. Sifon da ruwa ya tono daga tsohon dutse ya sake zubarwa yana zuwa da duhunsa. Kwal da aka ɗebo a bakin tudu inda ya sha iska walƙiyarsa ta raunana. Sannan a kwal mai tarin siforinayit ko alge, hasken bitirinayit kansa yakan fito ƙasa da yadda ya kamata, sai a zaci zafin bai kai ba alhali ya kai.

A masana'anta kuma wannan haidurojin da siforinayit ya riƙe shi ne darajarsa. Kafin tsallen, fiye da rabin nauyinsa yana tashi idan an dumama shi babu iska, yana ba da kwalta da gas mai yawa, yana sa kwal ya yi laushi ya kwarara a tanderun yin kok, wato gasasshen kwal da ake narkar da ƙarfe da shi, amma abin da yake bari na kok kaɗan ne. Yana da danƙo, ba ya fashewa kamar bitirinayit, shi ya sa duren mai tarin sifo ke wahalar da injin niƙa kuma yake taruwa a manyan gutsattsari bayan an fasa kwal. Bayan tsallen duk wannan bambanci ya tafi, kuma ƙirga siforinayit a irin wannan kwal ba ya ƙara wa mai haɗa kok wani bayani.